Wane webmail kuka ɗora a kan Postfix da Dovecot ɗinku?

mai_sabar: Assalamu alaikum. A ofishinmu muna da sabar imel tamu ta kanmu, Postfix na aikawa, Dovecot na riƙe akwatuna, komai lafiya lau. Yanzu ma'aikata sun matsa suna son duba saƙo ta burauza, sun gaji da saita Thunderbird, manhajar karanta imel a kwamfuta. Manhaja kyauta nake nema mai buɗaɗɗen tushe, wadda ba za ta sa in rushe abin da ke aiki ba. Wanda ya taɓa yi ya ba mu labari.

baba_linux: Wa alaikumus salam. Ni Roundcube na ɗora, kuma har yau ban ga dalilin canjawa ba. Kwantar da hankalinka, ba ya ajiye saƙonninka, ta IMAP, hanyar karanto imel daga saba, yake karanto su kamar yadda Thunderbird ke yi. Ka nuna masa Dovecot a port (ƙofar shiga saba) 993, Postfix a 587, shi ke nan. Yana buƙatar ɗan rumbun bayanai don adireshi da saituna, SQLite ya ishi ƙaramin ofis. Tun sigar 1.4 ta 2019 fuskarsa ke zama daidai a waya. Abu ɗaya dai, kada ka ɗora ka juya masa baya. A watan Yunin 2025 an bayyana wata ɓaraka da ke ba duk mai kalmar sirrin akwati ɗaya damar gudanar da umarni a kan sabar. An toshe ta a 1.6.11 da 1.5.10. Daren da na ga sanarwar ban kwanta ba sai da na sabunta.

hajiyar_IT: Mu SnappyMail muka zaɓa, wanda aka tsago daga RainLoop. Ba ya neman rumbun bayanai, kuma ko netwok na ja yana buɗewa. RainLoop ɗin kansa kam a bar shi, an daina kula da shi. SquirrelMail ma haka, ya tsufa.

sabon_shiga: Me zai hana ka ɗora mailcow, haɗaɗɗiyar manhajar sabar imel, kawai? Komai na ciki.

baba_linux: Ɗan'uwa, ai nan matsalar take. Mailcow da nasa Postfix da Dovecot yake zuwa, shi kuwa Malam yana da su. Idan SOGo, webmail ɗin cikinsa, kake sha'awa saboda kalanda, ana iya ɗora shi shi kaɗai, sai dai saitinsa ya fi na Roundcube cin lokaci.

kwamandan_dare: Abin da ya wahalar da mu haɗa fayil ne. Mutane suna ta ƙorafin takarda ta ƙi tafiya, ashe PHP, wanda Roundcube ke gudana a kansa, ne ya zo da iyakar 2MB a upload_max_filesize, saitin girman fayil ɗin da za a ɗora. Muka ɗaga shi da post_max_size, sai Postfix ya tare, domin tasa iyakar kusan 10MB ce, ga shi fayil na kumbura da kusan kashi ɗaya cikin uku idan ya shiga imel. Sai fail2ban, manhajar da ke toshe adireshin da ya yawaita kuskuren kalmar sirri. Dovecot yana ganin duk masu shiga ta burauza da adireshin sabar webmail ɗin ne, mutum ɗaya ya yi ta kuskuren kalmar sirri, aka rufe wa ofis gaba ɗaya ƙofa.

mai_sabar: Allah ya saka da alheri. Ya kuka warware ta fail2ban ɗin, Yallaɓai?

kwamandan_dare: Mun sa adireshin webmail a ignoreip, jerin adireshin da ba a toshewa, muka umarci fail2ban ya riƙa karanta log ɗin Roundcube kansa, can ne ainihin adireshin mai shiga yake fitowa.