Trump ne ya karya lantarkin iskar teku a Amurka, ko dama ya tarar da shi kwance?

Injiniya: Jama'a, ina nan kan bakana, Trump ne ya durƙusar da harkar. Ranar da aka rantsar da shi, 20 ga Janairun 2025, ya sa hannu aka dakatar da ba da hayar teku da izinin kafa fankokin lantarki. A Agusta kuma aka tsayar da aikin fankoki na Revolution Wind da ke gaɓar jihar Rhode Island, alhali an riga an kafa fanka 45 cikin 65.

Alhaji: Injiniya, a yi adalci mana. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tun 2023, Biden na kan mulki, kamfanin Ørsted na Denmark ya watsar da ayyukan Ocean Wind 1 da 2 a New Jersey. Kuɗin ruwa ya hau, kayan aiki sun yi tsada, farashin wutar da suka ƙulla da farko ya daina biya.

Barista: Kuma kotu ba ta zuba wa Trump ido ba. Ranar 22 ga Satumban 2025 alƙali Royce Lamberth ya ce a koma bakin aiki a Revolution Wind. A Disamba alƙaliya Patti Saris ta Massachusetts ta soke dakatar da izinin, bayan jihohi 17 da birnin Washington sun kai ƙara.

Injiniya: Barista, hukunci ba ya dawo da kuɗin da ya tafi. Jirgin ruwan da ke ɗaga fukafukan nan haya ake ɗaukarsa, kuma ba su da yawa a duniya. Wata guda yana tsaye a teku, ma'aikata na ciki suna cin abinci, kuɗin haya na ta hawa. Mako biyu bayan hukuncin Saris ma, 22 ga Disamba, aka sake tsayar da ayyuka biyar, wai fankokin na rikita na'urar rada ta sojoji.

Hajiya: To aikin Empire Wind na New York fa? An tsayar a Afrilun 2025, an sake shi a Mayu ba tare da hukuncin kotu ba. Kenan ana iya sasantawa.

Injiniya: Hajiya, wannan ne ma ya fi tsoratar da bankuna. Wa zai ba da bashin shekara ashirin a kan izinin da sai an lallaɓa minista?

Alhaji: Wannan kam na yarda. Amma ku lura, yawancin rigimar kotun nan a kan ayyukan da suka riga suka fara ce. Waɗanda ke kan takarda, ko gobe a buɗe izini, sai jihohi sun yarda su sayi wutar da tsada kafin a kafa ƙarfe ɗaya.