Ko mawaƙi zai iya komawa mai tsara kiɗan fim?

Matashin mawaƙi, Tawa:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ni mawaƙi ne, ina rera waƙa da fiyano a sutudiyo, kuma wasu abokaina da ke shirya gajeren fim sun nemi in tsara musu kiɗansa tun daga farko har ƙarshe. Mahaifina ya ce in bincika tarihin Hemant Kumar na Indiya, domin shi ma da rera waƙa ya soma. Ina roƙon wanda ya san rayuwarsa ya bayyana mini yadda ya bi wannan hanya, da kuma abin da ya kamata in koya daga gare shi.

Dattijo mai son finafinan da, Yamai:

Wa alaikumus salam, ɗana. Mahaifinka ya nuna maka mutumin da ya dace. An haifi Hemant Kumar a Banaras a 1920, ya tashi a Kalkata, ya bar karatun injiniya saboda waƙa, kuma faifansa na farko ya fito a 1937. Ya yi suna wajen rera waƙoƙin shahararren marubuci Rabindranath Tagore da harshen Bangali kafin ya koma Bombay a farkon shekarun 1950, inda ya tsara kiɗan fim ɗin Anand Math a 1952. Fim ɗin Nagin na 1954 ne ya ɗaukaka shi, har ya samu kyautar finafinan Indiya ta Filmfare.

Abin da nake so ka lura da shi ya fi waɗannan shekaru muhimmanci. Mutumin nan Allah ya ba shi murya mai kauri da natsuwa, wadda mai tsara kiɗa S. D. Burman ya nema a finafinan Jaal da Pyaasa, amma da ya hau kujerar mai tsara kiɗa bai cika finafinansa da muryar tasa ba. Yawancin waƙoƙin Nagin Lata Mangeshkar ce ta rera su, sannan a Sahib Bibi Aur Ghulam na 1962 Geeta Dutt da Asha Bhosle ya ba, saboda labarin na mace ne mai kukan zuci a gidan miji. A ganina nan ne mawaƙa da yawa ke kasawa, domin wanda ya saba a tafa masa yana shan wuya kafin ya yarda ya tsara kari daidai da maƙogwaron wani, ya koma gefe yana saurare.

Mai haɗa sauti a sutudiyo, Tawa:

Baba ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ina neman izini in ƙara wani gefe, don kada ƙanena ya ɗauka aikin mutum ɗaya ne. Busar gardawan nan da kowa ya san Nagin da ita ba daga sarewar mai wasa da maciji ta fito ba. Kalyanji ne ya kaɗa ta da wata na'urar lantarki mai suna clavioline, Ravi kuma ya taimaka da harmoniya, kuma su biyun daga baya sun zama manyan masu tsara kiɗa. Hemant Kumar ya san wa zai jawo kusa da shi.

Sannan waƙa daban, kiɗan da ke bin labari daban. Waƙa tana da amshi da baitoci, ita ke jan ragama. Kiɗan da ke ƙarƙashin magana kuwa hoto yake bi, wani lokaci daƙiƙa kaɗan ne, kuma idan ya yi ƙarfi sai ya danne muryar ƴan wasa. Shawarata ita ce ka karɓi fim ɗin bayan an gama tace shi, wato an yanke hotunansa an haɗa, ku zauna da darakta ku rubuta wurin da kiɗa zai shiga da wurin da za a bar shiru.

Dattijo mai son finafinan da, Yamai:

Gaskiya ne, kuma fim ɗin Bees Saal Baad na 1962, wanda Hemant Kumar da kansa ya ɗauki nauyin shirya shi, misali ne na yadda ake gina tsoro da kiɗa kaɗan. Bai daina rera waƙa ba har kusa da rasuwarsa a Kalkata a 1989, saboda haka ba sai ka ajiye muryarka ba, ɗana.

Matashin mawaƙi, Tawa:

Na gode, Allah ya ƙara girma. Jarumar fim ɗin mace ce, don haka zan nemi mawaƙiya ta rera waƙar, kuma zan roƙi darakta ya ba ni fim ɗin da aka tace kafin in taɓa fiyano.