Alƙalan ƙwallon Amurka: kuskure ne ko dai sayen su ake?

Ɗan_Garin_Malam:

Salama alaikum jama'a. Ni sabon shiga ne a ƙwallon Amurkan nan da ake rungume balo a ruga da shi, wani yayanmu da ya yi karatu can ne ya shigo mana da ita fada, tun muna mishi dariya muna cewa kokowa ce da hular kwano, ga shi yanzu mu ne ke hana ido barci har ƙarfe huɗu na dare cikin ɗarin Janairu saboda ita. To jiya gardama ta tashi wajen shayi har aka kusa ɓatawa, kan wasan Chiefs da Bills na Janairun 2025, wanda duk ya ci shi ne zai je Supa Bol, wasan ƙarshe na ɗaukar kofi. Bills na gaba 22 da 21, damarsu ta huɗu ce ta ƙarshe (dama huɗu ake ba ƙungiya ta ci yadi 10 gaba, in ta kasa ta rasa balo), yadi ɗaya tak suke nema, Josh Allen mai jifan Bills ya sunkuya ya kutsa cikin mutane, arbit ɗaya ya taho kamar ya ba shi, ɗayan ya taho daga wancan gefen ya aje balo baya kaɗan, aka duba bidiyo aka ce bai kai ba. Chiefs suka karɓa suka je suka ci, aka tashi 32 da 29.

Tambayata, ƙasar da ta kai mutum duniyar wata, fili cike da kamara, alƙalai har bakwai, a ce an kasa gane ko balo ya kai layi? Ko dai gaskiyar abokina ce da ya rantse sayen su ake?

Mai_Kabu_Kabu:

Abokinka ya fi ka gani ƙanena. In ka hura ma Mahomes mai jifan Chiefs iska kawai sai ka ga tsumma rawaya da arbit ke jefawa in an yi laifi ya tashi sama, amma wani a take shi a wuya arbit na kallon gajimare. Kuɗi ne ke magana, su wa ke kawo musu 'yan kallo? Ni na gama.

Tsohon_Malamin_Lekol:

Ɗana Mai Kabu-kabu, in saye ake to wa ya manta bai biya ba ran 9 ga Fabrairun 2025, sati biyu kacal bayan wasan nan, da Eagles suka yi ma Chiefs ɗin 40 da 22 a Supa Bol? Ko kuɗin ne suka ƙare?

Ni na daɗe ina bin abin nan, kuma abin da na lura yawancin rigingimun da suka yi suna ba arbit ne ya makance ba, dokar ce aka rubuta ta karkace, shi kuma ya bi ta yadda take. Ku nemi wasan Raiders da Patriots na 19 ga Janairun 2002 a YouTube, wanda aka yi cikin ƙanƙara na zuba. Saura ƙasa da minti biyu, Raiders na gaba 13 da 10, Charles Woodson na Raiders ya doki Tom Brady mai jifan Patriots balo ya faɗi ƙasa Raiders suka danne, ko yaron goye ya san wasa ya ƙare. Babban arbit Walt Coleman ya je ya leƙa bidiyo ya dawo ya ce a'a, akwai wata doka da ta ce in hannun mai jifa ya fara yin gaba, ko da ya fasa yana jawo balo zuwa jikinshi ne, in ya suɓuce ana lissafa shi jifa ce da ba a cafe ba, ba ɓarin balo ba. Aka mayar ma Patriots, Vinatieri ya buga bugun ƙafa mai maki 3 daga yadi 45 cikin ƙanƙarar nan aka yi kunnen doki, suka ci 16 da 13 a ƙarin lokaci, daga nan suka wuce har suka ɗauki kofinsu na farko. Brady bai da suna a lokacin balle a ce don shi aka yi. Sai 2013 aka soke dokar, shekara 11 mutanen Raiders na haɗiye takaici.

Haka na Dez Bryant ɗan Cowboys, Janairun 2015, Cowboys a gidan Packers. Ya yi tsalle ya cafe, ya taka, ya miƙa hannu zai kai layin ci, balo ya taɓa ƙasa ya motsa, aka ce tunda faɗuwa yake dole ya riƙe har ya gama faɗuwa, saboda haka bai cafe ba. Packers 26, Cowboys 21. A 2018 suka gyara dokar cafewar. Abin dariyar, sati ɗaya kafin nan su Cowboys ɗin ne suka amfana, an jefa musu tsumma a wasansu da Lions, an ma sanar da laifin, sai aka koma aka ɗauke tsumman aka ce babu komai. Yau gare ka gobe ga wani.

'Yar_Birni:

Baba Malam Allah shi ƙara girma, amma ka tsallake wanda ya fi ciwo kuma na san da gangan ne don bai shiga lissafinka ba. 20 ga Janairun 2019, Rams a gidan Saints. Nan wace doka ce ta karkace? Dokar lafiyarta lau, ba a taɓa mai jiran cafe balo kafin balo ya iso, ita ce ma ta farko da aka koya min. Ana 20 da 20 saura ƙasa da minti biyu, Drew Brees na Saints ya jefa ma Tommylee Lewis, Robey-Coleman na Rams ya zo a guje bai ko ɗaga kai ya nemi balo ba ya banke shi kai da kai kamar ragon layya da ya tsinke igiya, ga arbit tsaye kusa, shiru kake ji. Da an jefa tsumma Saints sun samu sabbin dama, su cinye lokaci su buga maki 3 a tafi gida. Maimakon haka suka buga da wuri, Rams suka samu lokaci suka rama, suka ci 26 da 23. Shi mai laifin da bakinshi ya amsa, an ma ci shi tara daga baya, hukumar wasan ta faɗa ma kocinmu na Saints a lokacin, Sean Payton, ta waya a daren cewa an yi kuskure. To a kai kasuwa? Brees bai ƙara ganin Supa Bol ba har ya aje wasa.

Ni ban ce an saye su ba, Allah shi ne masani, amma kar a ce min kullum doka ce.

Tsohon_Malamin_Lekol:

Ɗiyata kin kama ni, wannan kam babu kare shi, idonsu biyu suka ƙi gani. Sai dai duba maganin da aka kawo. Saboda wasan nan a 2019 aka ba koci izinin jefa jan tsummanshi a sake duba irin wannan laifin a bidiyo. Shekara ɗaya aka yi aka watsar, don masu duba bidiyon kusan kullum bayan 'yan uwansu na fili suke bi, koci ya yi ta asarar damar tsayar da agogo da yake da ita a banza. Kuma a cikin kakar nan, Janairun 2020, ku Saints ɗin Vikings suka fitar da ku 26 da 20 da cin da kuka ce Kyle Rudolph ya ture ɗan bayanku kafin ya cafe, dokar na aiki a ranar, ba ta hana komai ba. Kamara na nuna taɓi, ba ta faɗin wane taɓi ne ya kai laifi, a ƙarshe mutum ne zai yanke.

Mai_Kabu_Kabu:

To Baba na Bradberry fa? Supa Bol na Fabrairun 2023, Chiefs da Eagles, 35 da 35, wasa mai daɗi irin wanda ba a samu kullum, saura ƙasa da minti biyu Mahomes ya yi jifa ta wuce kan kowa, sai ga tsumma wai Bradberry na Eagles ya riƙe rigar Smith-Schuster na Chiefs. Riƙon da ko tela ba zai ga alamarshi ba. Chiefs suka zauna kan balo suka cinye agogo, Butker ya buga saura sakan 8, 38 da 35. Wannan ma doka ce?

'Yar_Birni:

Yaya a nan kam ba na bayanka. Bradberry da kanshi ya faɗa ma 'yan jarida bayan wasa cewa ya ja rigar, yana fatan dai a kau da kai ne. Ba zai yiwu in yi shekaru ina kuka an ƙi hura laifi a minti biyun ƙarshe ba, sannan in zo in ce don me aka hura laifi a minti biyun ƙarshe. Abin da zan yarda da kai kawai, in tun farkon wasa kana ƙyale irin wannan jan rigar to bai kamata sai a ƙarshe ka tuna da tsumma a aljihunka ba.

Sarkin_Fadar_Zango:

Ku dai kun samu wuri. Mutum ya ƙi barci ya ƙona mai a gurup don ya kalli ƙattai suna taro kowane sakan goma. Ku zo mu je filin kokowa, in ƙato ya sha ƙasa kowa ya gani, kuma ko nan ɗin sai ka ji ana zagin alƙali har a bakin tasha.

Ɗan_Garin_Malam:

Na gode duka, amma har yanzu ba a amsa min na Josh Allen ba, shi ba jan riga ba ne balle a ce ra'ayi, awo ne, ko ya kai ko bai kai ba.

Tsohon_Malamin_Lekol:

Awo ne ɗana, amma awon me? Sarƙar nan mai yadi 10 da ake jawowa cikin fili ba ta ƙarya, matsalar inda aka aje balo kafin a jawo ta. Mutum kusan ashirin sun taru sun danne juna, balo na ƙarƙashin ciki, arbit na can bakin layi yana kintace da ido inda gaban ɗan wasa ya tsaya, ya zo ya aje da hannu. Bidiyo kuma ba ta sauya hukuncin fili sai in ta nuna ƙarara an yi kuskure, in kamara ba ta ga balo ba abin da aka faɗa tun farko shi ke tsayawa, da sun ce ya kai shi ma da haka zai tsaya. Daga kakar 2025 sun kawo kamarorin Hawk-Eye na Sony su yi aikin sarƙar, amma su ma daga inda arbit ya aje suke aunawa. Ni a ganina Allen ya kai, da ɗan yatsa biyu, sai dai ba zan dafa Alƙur'ani a kai ba.

Mai_Kabu_Kabu:

Ka ji ko, Baba ma ya ce ya kai. Ɗan Garin Malam ka gaya ma yayan naku Lahadi ina nan tafe, jikka ɗaya ta mai na wuyana amma shayi naku ne, kuma kar a zaunar da ni kusa da mai rigar Chiefs ɗin nan.