Yaya yinin mai rubutu kan abinci yake, idan zaman kansa yake yi?

'Yar Mamobi ta rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina aiki a wani shagon buga takardu a Nima, kuma idan na samu sarari nakan rubuta gajerun bayanai a Facebook kan abincin unguwarmu, irin su wake da shinkafa, tuwon zafi da kokon safe. Kwanan nan wata mujallar intanet ta biya ni kuɗin rubutu guda, shi ya sa na fara tunanin mayar da abin sana'a ba tare da na ɗaure kaina da wata jarida ba. Ina roƙon waɗanda suka riga ni shiga su bayyana mini yadda yininsu yake tafiya, da kuma ko abin da ake samu yana isa a biya haya a Accra, inda masu gida sukan nemi kuɗin shekara ɗaya ko biyu a dunƙule.

Hajiyar Sabon Zango ta amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Abu na farko da za ki sani shi ne, ba ke za ki tsara lokacin aikinki ba, masu girki ne za su tsara miki. Mai wake da shinkafa tana ɗora tukunya tun kafin kiran sallar asuba, kuma wadda hannunta yake da daɗi kan kankare tukunyar kafin hantsi ya dubi ludayi. Idan kika je ƙarfe tara, layi kawai za ki tarar, ita kuwa ba ta da bakin magana, hannu ɗaya yana zuba taliya da gari, ɗayan yana karɓar kuɗi. Abin da ya cancanci a rubuta yana faruwa ne a cikin duhun asuba a bayan gida: yadda take wanke karan dafi ta jefa a ruwan wake har ya yi ja, lokacin da take sa kanwa, da yadda take tsame karan kafin ta zuba shinkafa. Saboda haka ranar da zan fita nema, ina idar da salla nake kama hanya, kafin cunkoson motoci ya tsayar da tirotiro, wato ƙananan motocin haya.

Daga nan sai kasuwa. Ranar Laraba ina Kasuwar Nima saboda kayan Arewa, wato daddawa, gero, busasshiyar kuɓewa da kayan yaji, sauran ranaku kuma Makola ko Madina. Nakan rubuta farashi a littafi tare da kwanan wata, domin edita yakan tambaya, kuma farashin wannan mako ba na wancan ba ne. Albasa ma tun da aka tashi 'yan kasuwarta daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku a 2021, wanda yake son jin labarinta daga bakin masu kawo ta daga Nijar sai ya ba da rabin yini.

Wahalar da ba a gani ita ce ta awo. Iyayenmu ba sa girki da ma'auni. Idan kika tambayi mai tuwon zafi yawan garin rogon da take haɗawa da na masara, za ta ce miki har sai ya yi laushi, kuma gaskiyarta ke nan, amma mai karatu a Ingila ko Amurka ba zai iya dafa wannan amsa ba. Dole ki dawo gida da olonka, wato gwangwanin awo na kasuwa, da gwangwanin madara, ki auna a kan sikeli, ki dafa, ki ci, ki gyara, ki sake dafawa, har sai abin da ke takarda ya fitar da abin da kika ɗanɗana a wurinta. Miyar ayoyo ta fi ba ni ciwon kai, domin kanwa kaɗan ce ke raba yauƙi mai kyau da miyar da ta yi baƙi. Kuɗin cefanen gwajin nan kuwa daga aljihunki yake fita. Hoto kuma kafin la'asar nake ɗauka a bakin taga, saboda hasken kwan lantarki yana ɓata launin manja.

Rubutun kansa, wanda mutane suke ɗauka shi ne aikin, bai fi abin da nake yi tsakanin isha'i da barci ba, idan an yi sa'a ba a ɗauke wuta ba.

Malam na Aboabo, Kumasi, ya amsa:

Hajiya ta faɗi gaskiya game da fita da gwaji, amma ta tsallake rabin yinin da babu ƙamshin miya a cikinsa. Ni safiyar Litinin da ta Talata a gaban kwamfuta nake ƙarar da su, ina aika wa editoci shawarar labarin da nake son rubutawa, ina kuma bin bashin wanda aka riga aka buga. Mafi yawan wasiƙun ba a amsa su. Wanda aka amsa kuma, sau da yawa sai an buga ake fara lissafin kwana 30 ko 60 kafin a biya, alhali kin kashe kuɗin mota zuwa kasuwar Kejetia da na cefane tun watan da ya wuce. Akwai wata mujalla a nan ƙasar da ta buga rubutuna kan masu tsire na Alabar, sai da na yi ta sintiri har na gaji kafin kuɗin ya shigo MoMo, wato asusun kuɗi na waya.

Shawarata, 'yata, kada ki bar shagon tukuna. A watan Disamba na 2022 hauhawar farashi a Ghana ta kai kashi 54.1 cikin ɗari, kuma babu editan da ya ƙara wa marubuci kuɗi daidai da haka. Waɗanda suka tsira a lokacin su ne masu rubuta wa kafofin waje da ke biya da dala ko fam, da masu wani aiki a gefe, kamar rubuta jerin abincin gidajen cin abinci ko kula musu da shafin Instagram. Ki tuna kuma babu mai tara miki fansho. SSNIT, hukumar fansho ta ƙasa, ta buɗe tsarin masu zaman kansu, amma ke za ki riƙa zubawa. Kamfani mai rajista yakan cire harajin GRA, wato hukumar haraji ta Ghana, kafin ya biya ki, don haka ki nemi takardar shaidar cirewar, lambar Ghana Card ɗinki, wato katin shaidar ɗan ƙasa, ita ce lambar harajinki. Kafin ki sa hannu a yarjejeniya, ki duba ko hakkin bugawa sau ɗaya suke saya ko mallakar rubutun da hotunan gaba ɗaya, domin kuɗin biyun bai kamata ya zama ɗaya ba.

Kasuwa dai akwai. Tun da Fatmata Binta, mai girki Bafulatanar Saliyo da ke zaune a Ghana, ta ci kyautar girki ta duniya ta Basque Culinary World Prize a 2022, editocin waje sun ƙara buɗe kunne ga acca, daddawa da man shanu. Abin da kike da shi wanda baƙon marubuci ba shi da shi shi ne Hausa. Tsohuwar da za ta ba shi amsa a taƙaice, ke za ta ba ki kujera.

Ɗan Mai Koko ya amsa:

Ni ba marubuci ba ne, mahaifiyata ce take sayar da koko da ƙosai a Fadama, kuma ina so a ji ta ɓangarenmu. Wani ya taɓa zuwa ya ɗauki hotonta tana tace gasara ba tare da ya nemi izini ba, sai ganin fuskarta muka yi a intanet, an kuma rubuta sunan unguwar ba daidai ba. Yaya, idan za ki yi wannan aiki, ki gaisa, ki sayi abin da za ki ci, ki faɗi inda za a buga, kuma idan ta ce a ɗauki hannunta da ƙwarya kawai, a tsaya a nan. Akwai abin da take sa wa kokonta bayan citta da kanumfari da masoro wanda ba za ta faɗa ba, kuma bai kamata a matsa mata ba.

'Yar Mamobi ta sake rubutawa:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Hajiya, saura tambaya ɗaya: wani sabon gidan abinci a Osu ya gayyace ni in ci kyauta in yi rubutu. In karɓa?

Hajiyar Sabon Zango ta amsa:

Ni da Malam mun saɓa a kan wannan. Shi yana ganin marubucin da bai tara komai ba ba zai iya biyan farantin Osu daga aljihunsa ba, don haka ya karɓa ya faɗa wa masu karatu cewa gayyata ce. Ni kuwa ba na yanke hukunci kan abincin da ban biya ba, saboda bakin da ya ci shi ke jin kunya, kuma ranar gayyata ba irin farantin da ake ba kowa ake kawo miki ba. Idan kina son zuwa, ki je ki ga wurin, ki yi hira da mai dafawa, ki rubuta a fili cewa su suka gayyace ki. Amma idan za ki ce wa mutane su kai kuɗinsu can, ki koma wata rana ba tare da sanarwa ba, ki biya, ki ajiye rasit, sannan ki tambayi editan tun kafin ki fara ko mujallar za ta mayar miki da kuɗin.