Najeriya ta riƙe girmanta a rikicin Nijar, ko ta zubar?

Malamin tarihi: Jama'a, ni har yau ina kan bakana: abin da Najeriya ta yi bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, wato rufe iyaka, saka takunkumi da barazanar tura soja, shi ne abin da ya wajaba a kan babba. Tinubu bai cika wata guda da karɓar shugabancin Ecowas ba, Janar Tchiani ya tsare Shugaba Bazoum a fadar shugaban ƙasa. Mali ta riga ta faɗa hannun soja, Gini da Burkina Faso sun bi. Da an yi shiru a karo na huɗu, wane soja ne zai sake jin tsoro?

Ɗan kasuwar Illela: Malam, girmanka ne, amma ka zo bakin iyaka ka faɗi haka. Da idona na ga motocin albasa a jere tsakanin Illela da Ƙonni, kaya na ruɓewa, wari ya hana mutum tsayawa kusa, direbobi na kwana a ƙarƙashin mota. Tchiani bai kwana da yunwa ba ko sau ɗaya. Mu da 'yan uwanmu na ƙetare muka sha takunkumin.

Tsohon soja: Ɗana, asarar da kuka yi gaskiya ce. Amma jagoranci da ƙarfi ba yau muka fara ba. Mu muka ɗauki nauyin Ecomog, rundunar sojan Ecowas, a Laberiya a 1990, muka maida Tejan Kabbah kan mulki a Saliyo a 1998. A 2017 ma barazanar soja ce ta fitar da Yahya Jammeh daga Gambiya.

Ɗan kasuwar Illela: Baba, Gambiya ba ta da iyaka da mu. Nijar kuwa jihohi bakwai take taɓawa, daga Kebbi har Borno.

Hajiya: Ni mahaifiyata 'yar Maraɗi ce. Ranar da aka yanke musu wutar lantarki, ƙanwata ta kira ni tana tambaya, "Yaya, mu me muka yi muku?" Na rasa amsar da zan ba ta. Ƙasar da mafi yawan wutarta daga wajenmu take zuwa, ka kashe mata rana ɗaya, asibitoci da masu sayar da ƙanƙara ka hukunta. Tun daga ranar mutanen da ko sanin Tchiani ba su yi ba suka koma bayansa.

Malamin tarihi: Hajiya, batun wuta na yarda an yi gaggawa.

Ɗalibi: Malam, ai ba wuta kaɗai ba. An ba sojojin Nijar wa'adin kwana bakwai su maida Bazoum kan mulki ranar 30 ga Yuli tun kafin a tambayi gida. Majalisar Dattawa ta ƙi goyon bayan yaƙi, sanatocin Arewa suka ce a'a, wa'adi ya cika ba abin da ya faru. Tawagar Abdulsalami da Sarkin Musulmi ta je Yamai karon farko ba ta ga Tchiani ba. Waɗanda aka fara buɗe wa ƙofa su ne Sarki Sanusi da malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau. Da su ya kamata a fara, a bar sanda a ƙarshe.

Tsohon soja: Wannan kam ta kama ni. Wanda ya zare takobi bai sara ba, ya koya wa abokin gaba cewa ba ta da kaifi. Duk da haka ban yarda laifin namu ne kaɗai ba. An janye takunkumi a Fabrairun 2024, sun saki Bazoum?

Hajiya: Ba su sake shi ba, Baba, kuma ba na kare su. Ni dai abin da muka samu nake lissafawa. Ƙasashe uku, Mali da Burkina Faso da Nijar, sun kafa ƙawancen ƙasashen Sahel (AES), sun fice daga Ecowas a Janairun 2025, Nijar ta janye daga rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi. Yanzu idan 'yan bindiga suka tsallaka daga Tangaza ta jihar Sakkwato suka shige ƙetare, wa za mu kira ya tare mana su?