Muhawara: Shin kyarkeci ne ya gyara kogunan Yellowstone?

Malam Habu: Sau biyu ke nan ina kawo wannan magana ana yi mini kunnen uwar shegu, jiya kuma wani abokin aikina ya yi mini dariya a kanta. A gandun dajin Yellowstone da ke tsaunukan Amurka, wanda aka kafa a 1872, an kashe kyarketai har suka ƙare a wajejen 1926, sai manyan bareyin da ake kira elk suka yi yawa suka cinye ƙananan itatuwan bakin ruwa. Da aka dawo da kyarketai 14 daga Kanada a 1995, aka ƙara 17 a 1996, itatuwan sun farfaɗo, gaɓar kogi ta daina zaizayewa. Kyarkeci ne ya gyara kogin, duk mai ja ya fito.

Hajiya Rabi: Malam Habu, tun daga sunan ka ɓata rawarka da tsalle. Kyarkecin da muka sani dabbar Afirka ce mai dabbare-dabbaren jiki da faffaɗan kunnuwa, na Amurka kuwa dabba ce daban mai gashi ruwan toka.

Ustaz Lawal: Hajiya, ai a tafsirin Suratu Yusuf, dabbar da 'yan'uwansa suka ce ta cinye shi kyarkeci malamai suke fassara ta, kuma ita ce dai dangin ta Amurkan. Ko kin fi malaman tafsiri sanin Hausa ne?

Hajiya Rabi: Ban ce na fi su ba, Ustaz, amma aro suka yi domin babu wata kalmar.

Nura: Ni a ganina karen daji za a ce, a huta.

Ustaz Lawal: Ƙanena, dila ma karen daji wasu ke ce masa, ka ga ka ƙara dagula ruwan. Kai dama duk abin da Hajiya ta faɗa sai ka mara mata baya.

Dakta Binta: Ku yi haƙuri in koma kan kogin. Gaskiya ne elk sun ragu, amma ba kyarkeci kaɗai ya rage su ba, akwai beyar da damisar tsauni da fari, da mafarautan da ke harbinsu idan sun fita daga gandun lokacin sanyi. A wasu rafukan kuma itatuwan ba su dawo ba, domin dabbar nan mai datse ruwa da rassan itace ta daɗe da ɓacewa, rafin ya zurfafa, ƙasar gefensa ta bushe. Ga kuma ɓaunar Amurka da ta ƙaru tana cin tohon.

Nura: Dakta, ita ma ɓaunar ba ɓauna ba ce, tunda tana da tozo da gemu.

Malam Habu: Wato ni na kawo batu, ku kuna ta gardamar suna.

Ustaz Lawal: Tunda ni ne mai kula da zauren, bari in taƙaita. An tabbatar da cewa kyarkeci ne sunan da ya dace, kamar yadda na bayyana, kuma Hajiya da kanta ta amince malamai sun yi amfani da shi. Dakta ta kawo wasu 'yan bayanai a kan itatuwa. Batun tozon ɓauna, Nura, ka buɗe masa wani zaure daban.