Ƙarfe ya kwanta, allo mai lilo bai motsa ba: wa ya taɓa gani?

Na-Garwa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mu a Garwa da bindigar gas mai ƙwayar roba muke atisaye, da sanin hukuma, muna bin tsarin IPSC, ƙungiyar wasan harbi ta duniya, gwargwadon hali. Ranar Asabar wani ƙanenmu ya harbi ƙarfen da in ya faɗi yake sakin allon harbi mai lilo. Ƙarfen ya kwanta, allon ko gezau. Wasu suka ce a yanke masa maki, wasu suka ce ya sake. Muka yi ta gardama har la'asar. Wanda ya taɓa gamuwa da haka ya gaya mana yadda suka yi.

Tsohon Alƙali, Njamena: Wa'alaikumus salam. Ɗana, yaron nan ba shi da laifi. Lokacin da nake harbi a wani kulob a Faransa ya faru da ni, kafin in buɗe baki alƙalin fili ya tsayar da ni. A dokar IPSC, idan kayan fili suka gaza, ko allon ya saki kansa tun ba a taɓa shi ba, ko aka manta ba a ɗana shi ba, dole a gyara mai harbi ya sake daga farko. Ba alfarma ba ce, ko bai so ba sai ya sake. Inda tara ke hawa kansa shi ne in shi ne bai kayar da ƙarfen ba. Nan kam za a rubuta masa kuskure a kan mai lilon ma, kowane kuskure maki 10.

Mai Walda, Marwa: Baba ya gama magana kan doka. Ni igiyar nake zargi. Namu ya yi haka a zafin Afrilu, da na duba sai na ga igiyar nailan ta saki jiki, ƙarfen yana kaiwa ƙasa bai ja sakatar ba. Na cire ta na sa wayar birkin babur, na rage tsawonta yadda tun ƙarfen na rabin faɗuwa sakata ta fita. Kuma don Allah ku daina zuba baƙin mai a maɗaurin da hunturu, ƙura yake kamawa ya zama laka. A goge da busasshen tsumma kafin kowane rukuni ya shiga.

Ɗan Ngaundere: Tamu matsalar daban. Da sanyin asuba gas ba ya da ƙarfi, kana jin ƙwayar ta ce ƙas a jikin ƙarfe, ya girgiza ya tsaya. Waɗanda suka harba da hantsi kuwa bugu ɗaya suke kayar da shi. Abin ya yi min ciwo, don mutum ya yi saiti daidai ya tashi a tutar babu. Yanzu sai rana ta ɗaga muke gwada ƙarafan mu fara.

Tsohon Alƙali, Njamena: Haka ne. A gasar bindigar hannu ta gaske, in ka tabbata ka sami ƙarfen bai faɗi ba, kana iya barinsa tsaye ka nemi alƙalai su gwada shi da harbi, amma kada kowa ya taɓa shi. In ya faɗi da harbin gwaji, kuskurenka ne. In ya ƙi, ka sake. Can kuma ba a harbin ƙarfe ƙasa da mita 7, saboda ɓarɓashin harsashi na dawowa.

Yar Kuseri: Yayana Na-Garwa, in kun gyara ku duba inda allon ke tsayawa bayan lilon ya mutu. Mu mun taɓa kafa shi ya ɓuya gaba ɗaya bayan katanga, muna ta yanke wa mutane maki, alhali allon da ya ɓace ba a cin tarar kuskure a kansa muddin an kayar da ƙarfen da ke sakinsa. In kuna son tarar ta hau, ku bar wani ɓangare na yankin A, wato wurin da ya fi maki a jikin allon, a fili.

Na-Garwa: Allah ya saka da alheri. Igiyar nailan ce tamu ma. Malam Mai Walda, turo min hoton yadda ka ɗaure wayar a jikin sakatar, yaron kuma zai sake harbinsa ranar Asabar in sha Allahu.